Haƙurin da Muka Kai Kafin Mu Yi Laifi

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na kwalejin da nake koyar da lissafi, a gidan suna a Gummi, har a waya daga ƙawayena na Anka da Bukkuyum, magana ɗaya ce: "Balki, yaya Kwatanon?" Na san rabinsu atamfar da ban kawo ba suke nufi. Sauran kuwa sun riga sun ji labarin daga bakin Kawu Mani, wanda a nasa ƙaulin shi ne ya tsaya gaban Turawa ya warware musu lissafin da ya gagare su, ni kuma ina gefe riƙe da butarsa. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, bakina ya huta.

Dole in fara da abin da ya kai ni. Ina karatun digiri na uku ne a wani reshe na aljabara. Muna nazarin tarin abubuwa da ake iya haɗa su, a ninka su, a auna girmansu, a kuma ce wannan ya fi wancan. Abubuwan ba su da kama, ido ba ya ganin su. Babban burinmu shi ne mu nuna cewa irin wannan tari, komai duhunsa, ana iya mayar da shi abin da hankali ya saba da shi. Ɗauki gulbi: kowane taku da zurfin ruwansa, kuma zurfin yana sauyawa ne sannu a hankali, ba ya tsalle. Irin wannan awo, mai ba kowane wuri lambarsa ba tare da yankewa ba, shi muke nema. In aka dace, kowane abu a cikin tarin sai ya zama awo guda irin wannan, haɗawa da ninkawa su zama na lambobi a kowane wuri, wanda ya fi kuma ya fi a ko'ina. Na sha yin wannan bayani a gidanmu, kuma sakamakonsa shi ne har yau Inna tana gaya wa mutane cewa aikin ruwa nake karanta.

Akwai wata tsohuwar farfesa a ƙasar Holan wadda tun kafin a haife ni ta rubuta ƙa'ida, ta jera sharuɗɗan da in sun cika wannan mayarwa tana yiwuwa. Kowa a fannin ya jingina da ƙa'idar nan. Ni ma na jingina, sai ta goce da ni. Na ci karo da wani ɗan misali da bai cika rabin shafi ba, wanda ya cika duk sharuɗɗan amma ya ƙi mayuwa. A cikinsa akwai wani ɗan abu da ba sifili ba ne, amma in ka ninka shi da kansa sai ya ba ka sifili. Zurfin ruwa ba ya haka, don wurin da ke da ruwa ba zai koma tudu ba saboda ka ninka zurfinsa da kansa. Ke nan akwai sharaɗi guda da tsohuwa ta manta, kuma duk kundina a kan gyara wannan mantuwa ya tsaya.

Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne, sai dai ba ya son abin da zai taɓa masa hawan jini. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce bai ga kuskure ba, kuma ba zai sa hannu ba. "Sunana ba zai hau takardar da ta ce matar nan ta yi kuskure ba, sai in ita ta faɗa da bakinta." Ga shi ita ce jami'a ta zaɓa ta duba kundin daga waje. Na sha zama in rubuta mata saƙo, amma duk wanda na fara sai ya ƙare a gaisuwa, in goge. Hutun karatun da kwaleji ta ba ni kuwa saura ƙiris. In ba a sa hannu ba, zan koma aji hannu rabbana, shekarun da na ƙone idona sun tafi a banza. Ana cikin haka aka ji za ta halarci wani taron masana lissafi a wata cibiya da ke kusa da Kwatano. Malamina ya tura sunana, aka ba ni rabin awa in yi jawabi.

Na je Nasarawa Burkullu yi wa Inna sallama. Ta zuba min tuwon dawa da miyar kuka, ina ci ina kora ruwa ina yabawa, kamar yadda duk gidan muke yi, don hannun Inna ya daɗe da yin nauyi a wajen gishiri, kuma ba mai bakin faɗa. A nan na yi gangancin yi mata bayanin tafiyar.

"Shekarunta nawa, ita wagga mata?" in ji Inna.

"Za ta girme ki, Inna."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Ki tashi tun daga nan, ki ƙetare ƙasa, don ki hwaɗa ma wadda tag girmi uwarki ta yi ƙarya? Gaban mutane? Mi tay yi maki?"

"Ba ƙarya ba ce, Inna, mantuwa ce."

"To in babba ya yi mantuwa, ke anka aika ki tuna mata? Ba ki da manya?"

Kafin in bar garin an shirya komai ba tare da shawarata ba: bokitin roba mai murfi cike da man shanu, ƙunshin goro, da kuma Kawu Mani, ƙanen Inna, dillalin shanu a kasuwar Gummi, wanda ya sha kora shanu zuwa Paraku da ƙuruciyarsa. Dama ana neman wanda zai raka ni, don maigidana yana aikin gwajin jinin yara a Anka saboda gubar dalma, ba shi da halin tashi. In faɗi gaskiya, daɗi na ji. Tun da nake ban taɓa duban babba cikin ido na ce masa ba haka ba ne.

"Ki kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji Kawu. "Wanga aikina na. Mai saye da mai saidawa ba su magana baki da baki. In saniya na da aibi, ba a hwaɗa ma mai ita gatsau. Yabonta aka hwarawa."

Masu taron sun so in hau jirgi. Kawu ya ce shi bai yi ajiya a sama ba. Sai muka bi ƙasa.

Da hantsi muka tashi daga tashar Gummi, don a yankinmu yanzu ba a sammako, sai an ji motocin farko sun wuce lafiya. Kawu ya ƙi yarda a sa bokitin a bayan mota, ya rungume shi a cinya kamar jinjiri. Kusa da shi akwai wani mai haƙar zinariya da ya taso daga Bagega zai koma garinsu. Tun daga Gummi har Jega idonsa na kan bokitin nan. Da zai sauka, sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, dabara ta yi. Amma ka rage rungumarsa, za a gane." Kawu ya yi masa godiya, bai san me ake nufi ba. Ni na san zinariya yake zaton mun ɓoye a cikin man, amma na ɗauka abin ya ƙare a nan.

A kan iyaka, a Tsamiya, wani ma'aikaci mai fara'a ya tambayi inda muka fito. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce daga ƙasar Gummi da Anka. Jin sunan Anka ke da wuya, ma'aikacin ya dubi bokitin, ya dubi Kawu, ya aika a samo masa tsinke mai tsawo. Rana ta riga ta narkar da man, ya zama ruwa. Bawan Allah nan ya yi ta juya shi yana lalube ko zai ji ƙarar dutse, Kawu kuwa yana tsaye a kansa yana cewa, "A hankali, yaro, tsarabar manya ta." Da bai sami komai ba, ya lashe tsinken, ya ce man mai kyau ne. Sannan ya tambayi abin da zai kai mu Benin.

Ina laluben takardar gayyata a jaka, Kawu ya riga ni. "Za mu ba wata tsohuwa haƙuri."

"Me kuka yi mata?"

"Ba mu yi ba tukuna. Sai ran Laraba."

Ma'aikacin ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Dole na tsaya a rana na yi musu bayanin gulbi da zurfin ruwa da awon da ba ya tsalle. Suka saurara da ladabi. Wanda ya buga min hatimi ya miƙo fasfo ya ce, "Allah ya taimaka, Hajiya. In kun gama ku tuna da mu, mu ma nan ba mu da famfo."

Daga ƙetaren iyaka girmana ya faɗi. Faransancina na cikin littattafan lissafi ne, ba ya sayen ko ruwan sha. Kawu kuwa da ya hango wasu Fulani a tashar Segbana, ya jefa musu Fulatanci suka cafe, shi ke nan ya zama jagora, ni mai ilimin na koma mai bin baya. Muka kwana a tashar, kashegari muka wuce Kandi muna kauce wa manyan motocin auduga, muka isa Paraku da la'asar. Kawu ya ce ba zai kwana a otal ba alhali yana da mai masauki a garin. Muka yi ta zagaye unguwa muna neman gidan, ashe mutumin ya daɗe da rasuwa, zaurensa ma ya zama shagon gyaran waya. Ɗansa ne ya fito, shi ma da furfurarsa, ya karɓe mu hannu biyu.

Mutanen can durƙusawa suke yi in za su gaisa, babba da yaro, mace da namiji. Maigidan ya durƙusa wa Kawu. Kawu da ya ga furfura ta durƙusa masa, shi ma ya kai ƙasa. Aka gama gaisuwa, aka tambayi gida da shanu da ruwan bana, amma ba wanda ya yarda ya riga wani tashi. Ina tsaye da jaka ina kallon dattawa biyu tsugune a ƙofar gida suna ta "madalla, madalla", har sai da matar gidan ta leƙo ta ce abinci zai huce. Da ƙyar aka ɗaga su, don gwiwoyin sun riga sun ƙage.

Sakwara aka kawo mana da miyar gyaɗa, a ciki akwai wani abu ja da suke kira wagashi. Cuku ne na nonon shanu, a rina bayansa a soya. Kawu ya juya shi da yatsa ya ce, "Nono na anka yi ma wanga wulaƙanci?" Ya gutsura don kada a ce ya raina. Bai sake magana ba sai da ya nemi ƙari.

Kashegari muka gangara kudu. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne mata a kan babura, da zani da ɗankwali da goyo, suna tsaga hanya ba ruwansu da kowa. Burodinsu dogo ne mai tauri, Kawu ya ce zai yi kiwo da shi. A cibiyar taron aka ba kowannenmu ɗaki mai tsabta da gidan sauro, sai dai ba buta, abin da ya tabbatar wa Kawu cewa shi ya fi duk masanan hangen nesa, tun da ya taho da tasa. Ranar farko aka kawo mana ƙaguwa a cikin miya. Ya dube ta ta dube shi, ya ture kwanon ya ce shi ba ya cin kunama ko ta ruwa ce. Shayi da sandar burodi ya rayu a kai.

Abincin bai girgiza ni kamar ɗabi'ar mutanen taron ba. Sun zo daga ƙasashe da dama, baƙi da farare, kuma gaisuwarsu kalma ɗaya ce, su wuce. Ɗalibi yana kiran malaminsa da sunan yanka. A zaman farko wani dattijo mai farin gemu yana tsakiyar bayani, sai wani matashi ya ɗaga murya daga baya ya ce layi na sama ba daidai ba ne. Na sunkuyar da kai ina jiran a fitar da shi. Dattijon ya duba, ya goge, ya ce ya gode, ya ci gaba. Kawu, wanda ya zauna a kujerar baya da carbinsa a kowane zama ko da yake ba ya jin ko kalma, ya ce min wannan kasuwa ce da ba dillali, shi ya sa ake ta hayaniya ba a ƙulla ciniki.

A wajen shan shayi na fara ganin farfesar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce siririya, da wando da takalmin roba, farin gashinta an aske shi gajere, ta rataya wata ƙatuwar jaka. Jikina ne ya yi aikinsa kafin hankalina: na durƙusa na gaishe ta, na kama jakar zan karɓa. Ta riƙe. Na ja, ta ja. Ta ce, "Tawa ce." Na ce na sani, shi ya sa. Sai da wani ya sa baki na saki. Da ta ji sunana ta ce ai ni ce mai kundin da za a aiko mata, kuma in riƙa kiran ta da sunanta. Harshena ya ƙi. Kawu ne ya raba gardama, ya raɗa mata Goggo.

Ranar Talata bayan azahar Kawu ya sa babbar riga, ya ɗauki bokiti da goro, ya nemi direban cibiyar, wani Bahaushen can mai suna Isiyaku, ya yi masa tafinta. Ni aka ce in ɓoye, don mai magana ba ya halartar maganarsa. Na laɓe bayan wasu furanni. Goggo tana zaune a gindin mangwaro tana karatu. Kawu ya yi sallama, ya tambayi lafiyarta da ta mutanen Holan da yadda damina ta yi musu, sannan ya gyara murya.

"Hwaɗa mata saniyarta ta yi suna har ƙasarmu. Ba mu taɓa ganin irinta ba, ga tozo, ga tsawo."

Isiyaku ya juya da Faransanci. Goggo ta ce ita ba ta da saniya, kyanwa gare ta.

"Ta gane," in ji Kawu. "Hwaɗa mata ɗiyarmu ta lura da wani ɗan abu ga ƙahwa guda. Ba mu son kowa shi ji. Ga wanga, ba yawa." Ya tura bokitin gabanta, ya ɗora goron a kai. "A rufa ma juna asiri, a gama tsakaninmu, ta sa ma ɗiyarmu hannu, kowa shi tahi da mutuncinai."

Isiyaku ya juya wannan ma, bai rage komai ba. Daga inda nake na ga fuskar tsohuwa ta yi ja. Sai a lokacin na ji maganar da kunnen wanda ba ɗan garinmu ba: ga kyauta, ga roƙon a sa hannu, ga kada kowa ya ji. Ta miƙe, ta zagayo furannin kai tsaye, don ashe tun farko tana ganin mayafina.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a inda ta fito, wanda ya kai wa mai duba aikinsa kyauta a ɓoye kafin hukunci, sunan abin cin hanci. Ta ce tana tunanin sanar da jami'armu ta janye daga duba kundina. "In kina da abin faɗa a kan aikina, gobe ga allo ga alli, ki faɗa gaban kowa. In kuma ba ki da shi, to na san dalilin bokitin."

Na koma ɗaki na yi kuka mai isata. Kunya ce da tsoro suka haɗu min. Na taho don kada in ɓata wa tsohuwa rai, ga shi na ɓata, kuma har yanzu ban ma faɗi laifin ba. Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofa yana murmushi. "Ciniki na tahiya daidai," in ji shi. "Mai saniyar da bai hwara da hushi ba, ba shi da niyyar saidawa." Ban taɓa jin sha'awar jifan babba da takalmi ba sai ranar.

Laraba da safe aka kira sunana. Ɗakin ya cika, don labarin bokiti ya zaga. Na fara da gode wa masu taro, da malamaina, da iyayena. Na shiga yabon ƙa'idar Goggo, na yabe ta ta gaba, na yabe ta ta baya, har na ji kaina ina neman in ce ga tozo ga tsawo. Shugaban zaman ya nuna min agogo, rabin lokacina ya tafi. Sai na je can kusurwar allo na rubuta misalin da ƙananan haruffa, na tsaya a gabansa na tare shi da jikina. Na ce wataƙila ni ce ban fahimta ba, wataƙila kuma masu buga littafi ne suka tsallake layi.

"Matsa gefe," in ji Goggo daga kujerar gaba.

Na matsa.

"Ƙara masa girma, idona ba na yarinya ba ne."

Na sake rubutawa da manyan haruffa.

"To. Tambaya ɗaya ce. Ƙa'idata daidai ce, ko ba daidai ba ce?"

Idona na kan takalmanta. Na tuna Inna da ludayinta. Na tuna kuma ranar da zan shiga ɗakin malamai ba digiri, ana yi min sannu da zuwa cikin tausayi. Na ɗaga kai na dube ta cikin ido.

"Ba daidai ba ce. Akwai sharaɗin da kika manta."

Kawu ba ya jin Turanci, amma ya san muryar rashin kunya in ya ji ta. Daga baya na ji "Inna lillahi", na hango shi ya ja hula ya rufe fuska.

Goggo ta taso, ta zare allin daga hannuna. Ta bi sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya tana gwada su a kan misalin, duk suka cika. Ta ninka ɗan abin nan da kansa, sifili ya fito. Ta faɗi wata kalma da harshensu, wadda wani ɗalibinta ya ce min ba ta rubutuwa. Sannan ta fashe da dariya har tana share hawaye. Ta juya ta riƙa nuna manyan da ke zaune: "Kai ka koyar da ƙa'idar nan. Ke ma kin koyar da ita. Tun kafin a haifi yarinyar nan nake yawo da ramin nan, ba wanda ya ce min komai!" Ta miƙo min allin. "Yaya za a gyara?"

Daga nan ban san inda kunyar ta shiga ba. Na nuna sharaɗin da ya ɓace: kada a samu abin da ya fi sifili amma komai yawan tara shi ba zai taɓa kai ɗaya ba. In an hana irin wannan, komai sai ya zauna, kowane abu ya sami awonsa marar yankewa. Muka yi ta kai da komo a gaban allo, lokaci ya wuce ba wanda ya duba agogo. A tsakiya ta tsayar da ni ta ce wani layina ba daidai ba ne, gaban kowa, da ƙarfi. Na duba, gaskiyarta ce. Na goge, na ce na gode, kuma wallahi ji na yi kamar an yi min kyauta.

Kafin azahar ta kira malamina a waya ta faɗa masa da bakinta. Ya ce ai shi dama tuni ya sani.

Da yamma ta tambaye ni ainihin dalilin bokitin. Na yi mata bayanin dillali da saniya da ƙafa guda. Ta daɗe tana dariya, sannan ta ce duk da haka ba za ta karɓa ita kaɗai ba. Aka kai man ɗakin girki, aka zuba wa duk taron a shinkafa, Kawu ya ci abincin kirki a karon farko tun isowarmu cibiyar. Goro ɗaya ta yarda ta karɓa daga hannunsa. Ta gatsa, fuskarta ta tattare, ta tambayi Isiyaku ko wannan ne hukuncin wanda ya yi kuskure a ƙasarmu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kin gani? Ta ci goro. Ciniki ya hwaɗa."

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Tsamiya ma'aikacin nan ya gane mu, ya tambaya ko tsohuwa ta haƙura. Kawu ya ce ta haƙura, amma sai da ya yi da gaske.

Na tarar da Inna a bakin murhu tana kaɗa miya. Kawu ya riga ya ba ta nasa labarin, saura nawa.

"Kin dube ta cikin ido?"

"Na duba, Inna."

"Ba ta yi maki baki ba?"

"Dariya ta yi. Ta ce abin da ya fi mata ciwo shi ne daɗewar da ta yi da kuskuren, ana gani ana yin shiru."

Inna ta ci gaba da kaɗa miya. Can ta ce, kamar da tukunyar take magana, "Baiwar Allah. Ashe ba ta da mai tausayinta." Sai ta juyo. "To ni hwa? Mi kunka bar ni da shi?"

Kawu ya miƙe ya ce bari ya duba alwalarsa.

Na so in ce babu komai. Bakina ya buɗe a kan hakan. Sai na dube ta.

"Gishiri, Inna. Yana yawa."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar Baba."

Ludayin ya tsaya a hannunta. "Shi kaɗai kan hwaɗa man," ta ce a hankali. Sai ta goge ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne, ta daka min tsawa: "Tashi ki ba ni wuri, marar kunya! Nan ba Holan ta ba."

Kashegari ina ɗaure kaya zan koma Gummi, na ji ta kira ni daga madafa. Ba ta dube ni ba. Ta ɗebo miya a ludayi, ta hura, ta miƙo min ta gefe.

"Ɗanɗana," ta ce.